An yi mini tayin muƙami, ruwan kuma bai zo ba

Wannan wasiƙa daga cikin garin Bauchi ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan unguwa da na mutane.

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne, shekaruna 32. Shekara 4 ke nan da ni da abokaina muka kafa ƙungiyar unguwa saboda ruwa. Famfo ya ƙafe, burtsatsen da aka haƙa mana ya lalace, kullum sai sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa. Mun rubuta takardu har mun gaji. Bara muka ɗauki jarkoki babu komai ciki, maza da mata, muka je muka tsaya ƙofar ofis. Tun daga ranar aka san da mu. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta shiga gayyatata bita a otal, ana ba da kuɗin zama. Yanzu kuma wani babba ya aiko a ba ni muƙamin mataimaki na musamman kan harkokin matasa. Har yau ruwan bai zo ba. Babban aminina ya ce an saye ni, na yi sanyi, a ganinsa sai an tare hanya an ƙona taya za a saurare mu. Dattawa kuma cewa suke ina da tsattsauran ra'ayi, in bi a hankali. Mahaifiyata ta ce in karɓa, arziki ne ya zo har gida. Matata tana da juna biyu, albashina ba ya kai mu ƙarshen wata. Baba, in karɓa? Kuma yaya mutum zai daɗe a wannan hanya bai canza ba?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya sauki iyalinka lafiya. Ba zan ja maka rai ba: wannan muƙamin, a wannan lokacin, kada ka karɓa. Zan kawo maka dalilina, amma bari in fara da kalmar da dattawa suka jefe ka da ita, don na lura ita ta fi ci maka rai.

A garin nan in aka ce wane mai tsattsauran ra'ayi ne, hankalin kowa watan Yulin 2009 yake komawa, lokacin da 'yan Boko Haram suka far wa ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi. Don haka kada ka ga laifin tsoho in ya ji matasa sun taru suna ɗaga murya gabansa ya faɗi. Ya ga abin da ya gani. Sai dai kalmar ta haɗa mutum biyu da ba su haɗa komai ba. Akwai wanda yake ganin jinin duk wanda ya saɓa masa ya halatta, Allah ya raba mu da shi. Akwai kuma wanda in ya kawo ciwo ba ya yarda a shafa masa man zafi a sallame shi, sai ya ji daga ina ciwon ya taso. Kalmar da Turawa suke kiran na biyun da ita, wato "radical", daga Latin ta fito, asalin ma'anarta saiwa. Iyayenmu kuwa ɗan Sawaba suke ce masa, ko ɗan gwagwarmaya.

Ka auna kanka da burtsatsen unguwarku. In ya lalace kuka tara kuɗi kuka gyara, kun yi aikin lada, kuma a yi. Amma mai bin saiwa ba ya tsayawa nan. Zai tambaya wa aka ba aikin, nawa aka ware, wa ya sa hannu cewa an kammala, me ya sa a garin da ke da madatsar Gubi a gefensa yarinya 'yar shekara tara take makara a makaranta saboda layin ruwa, kuma aljihun wa rashin ruwan yake cikawa. Mutum zai iya yin waɗannan tambayoyi a durƙushe, da ladabi, murya ƙasa-ƙasa, su fi tayar da hankalin mai laifi fiye da taya goma da aka cinna wa wuta.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a Bauchi. Malam Sa'adu Zungur ɗan garin nan ne, har yau yara suna karatu a firamare mai sunansa. A 1942 aka turo Malam Aminu Kano koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Suka kafa ƙungiyar neman ci-gaban Bauchi, suna tattauna halin da talaka yake ciki, har koke yana fita a jarida. Da Turawan mulki suka ga abin yana neman fin ƙarfinsu, ba su fara da kamu ba. Sai suka buɗe zauren muhawara da amincewar hukuma, suka ce a zo nan a yi magana a gabansu. Su Malam suka shiga, amma da harshensu suka shiga. A nan aka taɓo tsarin mulkin En'e kansa, hukumar gargajiya ta sarakuna, har aka yi tambayar da ake ba da labari, wato da me ake auna albashin sarki. Zauren bai yi nisan kwana ba bayan haka. Ka riƙe wannan labari, don abin da aka yi musu shi ake yi maka yau: a kira ka ciki, a ba ka wurin zama, a ga ko bakinka zai mutu.

Kada ka ɗauka ina cewa muƙami haramun ne. Malam Aminu da kansa ya riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, sadarwa da kuma lafiya. Harajin da 'yan jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu suka sha ɗauri da bulala a kansa, da jangalin da ya addabi Fulani, daga kan kujerar gwamna Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979. Amma dubi yadda suka hau. Talakawa ne suka tura su da ƙuri'a, da saƙo a hannu, kowa ya san abin da aka aike su yi. Kai wa ya aike ka? Mutumin da kuka je ƙofarsa da jarka shi ne ya aiko a kira ka, kuma bai aiko da ruwa ba. Irin wannan muƙami yawanci ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da sa hannu, wani lokaci ko tebur ba shi da shi. Aikinsa ɗaya ne. Ranar da matan unguwarku suka sake fitowa da jarkoki, kai za a turo ka ce musu su koma gida, ana duba lamarin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ban faɗi wannan don na fi ka tsarki ba. Na faɗa ne don ni an taɓa kira na, kuma na amsa. Ina matashi a 1979 na yi jam'iyyar PRP ta Malam Aminu a jihar da jam'iyyar NPN ta lashe, muna yawo da alamar mabuɗi ana yi mana kallon marasa kunya. Shekaru bayan haka, a garin da nake koyarwa, muka haɗa kan ƙananan manoma a kan takin gwamnati da ake karkatarwa kasuwa. Muna zama gindin wata tsamiya bayan la'asar. Da surutunmu ya yi yawa sai aka sa ni cikin kwamitin rabon takin, da ɗan alawus. Na ce wa kaina daga ciki zan gyara. Watan farko na yi magana. Na biyu na rage, don kada a ce ba ni da haɗin kai. Zaman tsamiya ya fara cin karo da zaman kwamiti, na riƙa aika uzuri. Wata rana na biya ta wajen. Akwai wani tsoho da tun da muka saba sunana yake kira gatsal, yakan ma ja ni da faɗa in na yi kuskure. Yana hango ni ya miƙe daga kan tabarma, ya cire takalmi, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da buhu ɗaya." Mutumin da muke neman haƙƙi tare ya koma roƙona. Ban saci ko mudu ɗaya ba, amma takin bai daina bin hanyar da yake bi ba, ƙungiyar kuma ta watse kafin damina ta zagayo. Har yau in na tuna rusunawar tsohon nan sai in ji nauyi a ƙirjina.

Abin da na koya shi ne ba a sayen mutum rana ɗaya, kuma sau da yawa shi kansa ba ya sanin an yi cinikin. Alamar farko ita ce mutanen da za su iya tsare ka su yi maka faɗa sun daina ganinka.

To yaya za ka ƙi ba tare da ka ja wa kanka gaba ba? Muna da abin koyi, kuma dattawan unguwarku ba za su musa shi ba, tunda Malam Yakubu da ya kafa garin nan almajirin Shehu Usmanu ne. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Sallah ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiyar ba. Ya nemi a musanya masa da buƙatu biyar, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bai zagi sarki ba, bai kuma fita da zinariya ba. Kai ma haka za ka yi. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka amsa ta waya. Ka sanar da mai unguwa, ku je ku huɗu ko biyar, har da mace da dattijo. Ka yi godiya sosai, ka ce an girmama ka. Sannan ka ce kyautar da unguwa take roƙo ita ce a sa ranar da za a gyara burtsatse da ranar da za a duba bututu, a rubuce. In babban nan da gaske yake son matasa, wannan ya fi masa arha a kan albashinka na shekara.

Kafin ka je ma, ka kai maganar gaban taron ƙungiya. Ka faɗi wanda ya aiko da abin da aka ce za a ba ka, kada ka rage komai. Tayin nan ba don kyan fuskarka aka yi shi ba, jarkokin mutane ne suka jawo shi, don haka suna da haƙƙin ji. In wata rana ƙungiya ta zauna ta ga ya dace ta tsayar da nata a kansila, ko a majalisar jiha tunda dokar 2018 ta sauko da shekarun takara zuwa 25, wannan magana ce daban. Ranar sai wanda aka tura ya sauka daga shugabanci, ya bar wasu a waje da za su riƙa bin sawunsa.

Batun bita a otal ba sai na tsawaita ba. Akwai ilimi a ciki, ka ɗebo. Amma kada kullum ya zama kai ne mai zuwa. A riƙa juyawa, wannan karon sakatare, wani karon ɗaya daga cikin mata. Ambulan ɗin da aka bayar a buɗe shi gaban jama'a, a cire kuɗin mota, a san inda saura ya shiga. Ka kuma sa kunne a kan harshenka. Ranar da ka ji kana ce wa maƙwabtanka "masu cin gajiya", ko kana kiran rashin ruwa "ƙalubale", ko ka fi damuwa da hoton da za a tura wa masu ba da tallafi a kan tsohuwar da ta zo da magana, to sanyin otal ya fara shiga jikinka. Ku riƙe kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya ko da N200 ne. Matar da ta kwance bakin zaninta ta ba da wannan kuɗi tana da bakin da za ta tambaye ka lissafi, kuma ƙungiyar da take rayuwa da kuɗin 'ya'yanta ba ta mutuwa ranar da tallafi ya yanke.

Sai amininka. Ya yi kuskure a kan taya, amma kada ka yar da shi, don akwai gaskiya a cikin fushinsa. Ka tambayi kanka zaman ƙungiya nawa ka rasa a bana. Wataƙila abin da yake nufi da ka yi sanyi shi ne ya daina ganinka a kan tabarma. Ka je har gida ka same shi, kada ka aika. Ka tuna masa da zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. Yunwar gaskiya ce ta fito da mutane, amma inda abin ya rikiɗe zuwa fashe-fashe 'ya'yan talakawa ne suka kwana a ciki. Duk ƙasar nan ta ga yaran da aka gurfanar a kotu a Abuja a watan Nuwamba na shekarar, wasu suna faɗuwa don galabaita. A garin da muka san 'yan sara-suka, muka kuma san masu ɗaukar nauyinsu, taya ɗaya in ta kama wuta ba ku ne za ku yanke inda za ta tsaya ba. Wanda kuke ƙara da shi ma zai fi kowa murna, don daga ranar an daina maganar ruwa an koma maganar tarzoma. Mu da muka ga 10 ga Yulin 1981, ranar da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara, a gidansa a Kano cikin tarzoma, mun san wanda wutar titi take ci.

Zafin amininka aiki yake nema, ka ba shi. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba, ko da yake hankali ya ce a sanar da su a rubuce. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ku rubuta ku nemi takardun aikin burtsatsen nan, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi. Shi ya riƙe fayil ɗin. Shi ya bi gida-gida da littafi ya rubuta jarka nawa kowane gida yake saye a rana da kuɗinta, ya tara na wata guda. Ranar da kuka karanta wannan jimla a gidan rediyo, ko a gaban ɗan majalisarku, zai ga abin da nake nufi. In kwana 7 ya wuce shiru, ku koma. In an sake shiru, ku sake fita da jarkoki, ku fi na bara yawa, ku gayyato unguwannin da ke maƙwabtaka da ku masu irin ciwonku. Wutar kara takan tashi sama kowa ya gani, kafin a ɗebo ruwa ta mutu da kanta. Ta ƙaiƙayi ba ta da harshe, amma a ƙasa take ci, kwana da kwanaki. Daga 8 ga Agustan 1950 da aka kafa NEPU zuwa soke haraji shekara 29 ne. Malam Sa'adu ya rasu a 1958, ko 'yancin kai bai gani ba.

Akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba, kuma ya dame ni. Ka ce "ni da abokaina" kuka kafa. Su wa suke tashi da asuba neman ruwa a unguwarku? Mata da yara. Sun fito ranar jarkoki, amma mace nawa ce take cikin masu yanke shawara? Hajiya Gambo Sawaba ba rakiya ta yi wa maza ba, ɗaurin da ta sha ana lissafa shi har sau 16, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. In zama da maza zai yi wa wasu nauyi, su yi nasu zaman a cikin gida, su turo wakilai da cikakkiyar murya, kuma ma'aji ya fito daga cikinsu. Haka nan ka fara koya wa mutum biyu ko uku duk abin da ka iya, daga rubuta takarda zuwa magana gaban hukuma. An aiko maka da muƙami ne don an lissafa cewa in aka ɗauke ka shi ke nan. Ka sa lissafin ya zama kuskure.

Na bar maganar mahaifiyarka ƙarshe don ita ta fi nauyi. Ba kwaɗayi ne ya sa ta ce ka karɓa ba. Ta ga ɗanta yana wahala, jika yana tafe, kuma ta san yadda ake yi wa masu taurin kai a ƙasar nan. Kada ka yi mata wa'azin siyasa. Ka zauna kusa da ita bayan sallar isha, ka gaya mata irin wannan muƙami da mai shi yake tafiya, ranar da ya sauka ko ya yi fushi shi ke nan, kai kuma a unguwar nan za ka ci gaba da zama, cikin mutanen da za su tuna. Ka roƙi albarkarta. Matarka ma ka zaunar da ita, ku yi lissafin haihuwa tare, don ita za ta ɗauki rabin nauyin wannan ƙin, bai kamata ta ji shi a bakin maƙwabta ba.

Kuma ka tashi tsaye a kan neman halak ɗinka, don yunwa ita ce ƙofar da aka fi shigo wa ɗan gwagwarmaya ta ita. Kai malami ne. Ka buɗe darasin yamma ga masu shirin jarrabawa, ko ka kama gona a daminar nan ko da ta haya ce, ko ka shiga adashi saboda hidimar suna. Ba zai kai albashin da aka yi maka tayi ba, na sani, kuma watanni masu zuwa za su yi tsauri. Ka ware rana ɗaya a mako da ba ƙungiya ba waya, ta iyalinka ce kawai. Na ga mutanen kirki da yawa da ba kuɗi ne ya raba su da hanya ba, gajiya ce.

Ka kira taron nan kafin Juma'a mai zuwa, tun labarin bai riga ka isa ba. In kun dawo daga wajen babban, ka rubuto mini abin da ya ce game da ranar gyaran burtsatse, da kuma abin da amininka ya samo a littafinsa. Ka gaishe mini da Hajiya.